Sarewar Bappa a Filin Pantami

Ko da tsufa zai zo ya kwashe mini abubuwa daga kai, akwai yammaci guda da na tabbata ba zai iya ɗauka ba. Shi ne yammacin da na hau dandamali a babban bikin kiɗa da aka yi a filin wasa na Pantami a Gombe, na leƙa cikin taro, na hango Bappana tsaye riƙe da sandarsa.

A lokacin shekarata ashirin da biyu. Gyaran waya nake yi a wata 'yar rumfa a Pantami, amma rabin hankalina yana kan wata tsohuwar kwamfuta da nake haɗa kiɗa da ita idan babu ciniki. Ina da aboki guda da muke wannan haukan tare. Iyayensa daga Borno suka gudo da shi lokacin rikici, yana tuƙa keke napep, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Shi ke zuba baitukan hip-hop, ni ke dafa masa kiɗa. Yakan fara da Hausa, in abin ya kai masa zuciya ya juya Barbarci ba tare da ya sani ba.

Bappa ƙanin mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina ƙarami bayan rasuwar mahaifin nawa. Makiyayi ne a da, har ɓarayi suka kore masa garke, ya dawo gari yana gadin wani gida a Barunde. Mutum ne mai kunya da kawaici, sai ya wuni bai yi magana goma ba. Yana da wata sarewa ta kara da yake ɓoyewa a cikin jakarsa. Ba ya busa ta a gaban mutane. Sai in hadari ya haɗu, ya zagaya bayan gidan da yake gadi, ya zauna shi kaɗai ya busa. Wata rana na kai masa abinci na tarar da shi a haka. Na laɓe a bayan katanga, na kunna wayata na naɗi muryar sarewar. Ban gaya masa ba. Na je na yanko wani gutsure, na ɗora masa ganga mai nauyi irin ta kwamfuta, abokina ya zuba baitin labarin gudun hijirarsu da mahaifiyarsa a kai. Mu kanmu mun san waƙar ta yi daɗi, amma kunyarta muke ji. A ganinmu na lokacin, mawaƙin gaske shi ne wanda yake kama da na Legas ko na Amurka, don haka muka fi ji da wata waƙarmu ta Turanci da ko mu ba mu gama fahimtar abin da muke faɗa a ciki ba.

A dogon hutun wannan shekarar, damina ta yi tsakiya, sai gari ya ɗauka cewa wani kamfani zai kawo bikin kiɗa irin wanda ba mu taɓa gani ba. Manyan mawaƙan hip-hop daga Legas da Abuja da Jos, da masu juya kiɗan rawa na kwamfuta, waɗanda muke kira dije. Aka ce za a tantance 'yan gida kaɗan su buɗe fili kafin manya su fito. Muka je, muka yi sa'a aka ɗauke mu. Minti goma aka ba mu, waƙa biyu. Har ɗan hotonmu aka maƙala a ƙasan fosta, ƙanƙani kamar na katin makaranta. Wannan hoton ne wani maƙwabci ya gani, ya tare Bappa a ƙofar masallaci ya ce masa ɗansa ya shiga 'yan rawa. Ni ban san an yi haka ba sai daga baya.

Ranar bikin an yi ruwa da safe, bayan azahar rana ta buɗe. Kafin la'asar fili ya cika. Samari da 'yan mata daga Herwagana da Bolari da Tudun Wada, ɗalibai 'yan hutu daga Kaltungo da Billiri, har da waɗanda suka yo mota daga Bauchi da Yola. An jera sifikoki hawa-hawa, kowace ta kai ƙofar ɗaki, in dije ya saki ganga sai ka ji tana dukan ƙirjinka daga ciki. Ƙasa a jiƙe take, amma babu wanda ya damu da takalminsa.

Matsalar ita ce mutanen nan ba don mu suka zo ba. Manya suke jira. Yaran farko da suka hau, da manyan sarƙoƙi da Turancin aro, ba su kai rabin waƙa ba aka fara ihu, "A sauka! A sauka!" Ledojin ruwa suka fara tashi sama. Na biyu ma haka. Na uku kuwa makirfo ya ajiye ya gudu da kansa. Muna bayan dandamali muna kallo.

Sai ga matar da ke tsara hawa da sauka, wata 'yar Jos mai saurin magana, da waya manne a kunne. Ta dube mu ta ce, "Ku ne na gaba. Lokaci ya ƙure, waƙa ɗaya za ku yi. Minti biyar, ku sauko."

Abokina ya ja ni gefe. "Mutumina, ta Turancin za mu yi. In ma jifa ce, gara su jefe mu a kanta. Ba zan tsaya ina maganar mahaifiyata ana watsa mini ruwa ba."

Kafin in ba shi amsa na ɗaga labulen gefe na leƙa, don in ga yadda taron yake. A nan na gan shi. Can hannun hagu, daf da ƙarfen da aka tare mutane da shi, wani dattijo siriri da farar riga da malfa, ya dogara da sanda, samari suna ta tsalle a kewayensa shi ko motsi ba ya yi. Na saki labulen.

Na ce, "Bappa yana nan."

"Wane Bappan?"

"Bappana. Ga shi can."

Ya leƙa, ya dafe kai. "To magana ta ƙare. Ka taɓa waƙar sarewar nan a gabansa, yau ba ni kaɗai ne ɗan gudun hijira ba."

Na yarda da shi, a kan haka muka hau. Na jona kwamfutata. Ko gaisuwa abokina bai gama ba leda ta farko ta fashe a gaban ƙafarsa. Na sa yatsa a kan waƙar Turancin, sai na ɗaga kai muka haɗa ido da Bappa. Na zaci fushi zan gani. Tausayi na gani, irin kallon da ake yi wa yaron da ya aro rigar da ta fi shi girma ya fito cikin mutane. Wannan kallon ya fi mini jifa ciwo. Yanzu in ana labarin, wasu kan ce jarumta na yi. Ni dai gaskiya ban sani ba ko jarumta ce ko ruɗewa. Abin da na sani, yatsana ya sauka ƙasa, na danna ɗaya waƙar.

Sarewar ce take farawa ita kaɗai, babu ganga babu komai. A rumfata siririyar murya ce da ƙarar keke napep take iya dannewa. Amma da ta fito ta waɗannan sifikoki, sai ta miƙe ta cika filin, har na ji tana dawowa daga bangon can ƙarshe. Ihun ya fara raguwa daga gaba, yana ja baya, yana ja baya, har na ji kukan wani jariri a wajen masu sayar da abinci. Wani saurayi da ya ɗaga leda zai jefo ya tsaya da hannu a sama. Abokina ya juyo ya zare mini ido, bakinsa yana cewa wani abu da gara da ban ji ba.

Sai gangar ta faɗo.

Ban taɓa ganin mutane sun tashi lokaci guda haka ba. Abokina ya ga babu hanyar komawa, ya damƙi makirfo ya shiga. Ya ba da labarin hanyar da suka biyo daga Borno, da mahaifiyarsa ɗauke da tukunya guda da ta ƙi yarwa, da ranar da suka sauka a tasha a Gombe wata mai ƙosai ta ba su wurin zama ba ta tambaye su ko su waye ba. Da ya juya Barbarci, wani gungu a tsakiyar fili ya ɗauki ihu, wasu suna dukan ƙirji. Amshin da Fulatanci ne, ni nake yin sa. A zagaye na biyu na ji ba ni kaɗai nake yi ba. Waɗanda suka iya suna yi, waɗanda ba su iya ba suna kamo ƙarshensa. Na hango 'yan matan Tangale sun yi layi suna rawar kafaɗa a kan busar makiyayi, ta zauna musu daram kamar don su aka yi ta.

Minti biyar suka cika na kai hannu zan kashe, sai na ga matar nan 'yar Jos a gefen dandamali tana juya hannu da ƙarfi, alamar in maimaita. Muka sake daga farko. Da muka sauko, wani babban dije daga Legas ya fito daga rumfar manyan baƙi yana tambayata da Turanci a ina na samo wannan sautin. Ban tsaya ba shi amsa mai kyau ba, domin na duba wajen ƙarfen nan ban ga malfa ba.

Na kutsa cikin mutane na fita. A wajen fili na same shi, ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro, ya ari buta yana alwalar magariba. Na durƙusa a gabansa. Ya gama wanke ƙafafunsa a hankali, ya sa takalmi, sannan ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Na zo ne in tafi da kai gida."

"Bappa, ka yi haƙuri."

"Yaushe ka ɗauka?"

"Bara da damina. A bayan katanga nake."

Ya tura butar gefe. Sannan ya ce, "Sata ka yi mini ke nan."

Na sunkuyar da kai.

"Kuma satar ma ba ka iya ba. Ka yanke ta a tsakiya." Na ɗago na dube shi. Ya ci gaba, "Busar komawa gida ce wannan, da ita ake tara shanu in rana ta yi sanyi. Gaɓa uku gare ta. Kai ta kiran kawai ka ɗauka. Duk mutanen nan ka kira su sun taho, ka bar su a hanya." Ya gyara malfarsa, muryarsa ta ɗan yi ƙasa. "Mahaifinka ne ya koya mini ita. Ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba."

Ban taɓa sanin mahaifina yana busa ba. Ina durƙushe a wurin hawaye suka zubo mini, na kasa tsayar da su. Daidai nan wasu samari da suka fito sayen ruwa suka gane ni, suka yo kanmu suna murna. Ɗaya ya ce wa Bappa, "Baba, ka ji abin da yaron nan ya yi a ciki kuwa?"

Bappa, mutumin da kunya ba ta taɓa barinsa ya yabe ni ko a cikin gida ba, ya dube su ya ce, "Ɗana ne. Sarewar kuma tawa ce."

An tafa mini a wurare da yawa bayan wannan rana, amma babu tafin da ya kai mini waɗannan kalmomi. Da za mu wuce masallaci ya ce in zo ranar Juma'a bayan an sauko, in taho da na'urata. "A gabana za ka ajiye ta," ya ce. Na je, ya busa mini gaɓa ukun duka, ya sa na maimaita masa sunan kowacce har na riƙe. Manyan mawaƙan da gari ya cika dominsu kuwa, ban ga wasan ko ɗaya ba, kuma ban taɓa jin na yi asara ba.

Yau ina da ɗan ɗakin naɗar waƙa nawa, yara suna zuwa da muryoyin aro irin wadda na taɓa yi. Ba na yi musu dariya. Nakan tambaye su abin da kakarsu take rerawa in tana daka, ko abin da mahaifinsu yake yi da baki in yana aiki. Abin da wannan yammaci ya koya mini ke nan: abin da muke jin kunyarsa a gida shi ne abin da babu wanda ya fi mu shi a waje. Kuma manyanmu ba su rufe ƙofa yadda muke zato ba. Shekara guda na yi ina ɓoye gutsuren abin da, da na durƙusa na roƙa, da tuni an ba ni shi cikakke.