Kukun Da Aka Ce Ya Kashe Ayarin Sama

Efren Magbanua yana sayar da taliyar romo a bakin kasuwar La Paz, cikin birnin Iloilo. Mutum ne gajere mai kaurin murya, ba ya dariya da masu ciniki, kuma duk layin an san ba a yi masa zancen fim.

Da ƙuruciya ɗan wasa ne a Manila. A jerin finafinan Ayarin Sama, na matafiyan da ke yawo tsakanin taurari, shi ne Orok, kukun jirgi mai koriyar fuska da kunnuwa kamar faifai. Fitowarsa ba ta da yawa, amma da ya leƙo sai sinima ta kaure da dariya. Ganin haka kamfanin ya ware masa fim nasa shi kaɗai. Darektan kuwa ya ƙi yin barkwanci. Ya mai da Orok duniyarsu da fari ya cinye, ya je binne uwarsa. Babu kyaftin, babu harbe-harbe, sai kuku yana haƙa kabari cikin jar ƙasa.

'Yan kallo suka ji an ci amanarsu. Aka riƙa ficewa tun fim bai kai rabi ba, ana jifan allo da ɓawon gyaɗa. Jagoran zagin shi ne Wilfredo Tupas, shugaban ƙungiyar masoya Ayarin, wanda ya bi gidajen rediyo yana cewa kuku ya ƙona miyar kowa. Da kamfanin ya fasa fim na gaba, laifin duka ya faɗo kan Efren. Darekta ya tsallake ƙasar waje, Efren kuwa ko ya wanke fenti muryarsa na tona shi. A motar haya wani ya tofa masa yawu a riga. 'Yarsa Marisol ta daina zuwa makaranta don tsokana. Aiki ya yanke, ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu.

Sai da furfura ta cika masa kai sannan iska ta juya. Matasa suka tono fim ɗin a intanet, suka ce duk jerin babu kamarsa. Kamfanin ma ya farfaɗo da Ayarin, ya gina sabon labarin a kan duniyar Orok, ba tare da ya nemi Efren ba.

Wata rana da hantsi sai ga Wilfredo a rumfar, ya yi tumbi, sanye da riga mai hoton Orok, yana kiransa Manong, wato yaya.

"Manong Efren, ashe kana nan da ƙarfinka."

"Da ka so ka tarar da ni a kwance?"

"Haba, Manong, abin da ya wuce ya wuce. Taro za mu yi a Manila, yara na son ganinka. Ni fa tun farko na ce fim ɗin nan ya fi ƙarfin zamaninsa."

"A wane rediyon ka faɗa? Nawa bai kamo tashar ba."

Masu cin taliya suka ƙunshe dariya. Wilfredo ya share zufa, ya fara zancen yafiya. Efren ya katse shi.

"A da ka tara jama'a da zagina, yanzu za ka tara su da yabona. Ko ta yaya dai kai ne a kujerar gaba. Matsa, ka tare mini hanya."

Wilfredo ya koma Manila ya shaida wa taron cewa tsohon ba shi da lafiya, har aka yi masa addu'a. Labari ya iso La Paz. Efren ya sa Marisol ta ɗauke shi a waya yana saran ƙashi da adda, yana cewa lafiyarsa ƙalau, ƙaryar Tupas ce, kuma a tambaye shi abin da ya faɗa a da.

Aka kuwa tambaya. Matasan suka zaƙulo tsofaffin hirarrakin, suka yi wa Wilfredo ature a zauren taro, suka raka motarsa da ihu. Ƙungiyar ta tsige shi.

Marisol ta kawo wa ubanta hoton abin, tana tsammanin zai ji sanyi. Ya kalla kaɗan, ya miƙa mata wayar.

"Baba, ai sun rama maka."

"Ni suka rama wa? Su dai a ba su wanda za su yaga. Irin fuskokin nan na san su."

Bai tausaya wa Wilfredo ba, bai kuma gode wa kowa ba. Gayyata ta ci gaba da zuwa daga Manila da Cebu, ko ɗaya bai amsa ba.