Siton Maman Jummy

Selina Lazarus ta rasu a daminar bana. Fasto ya yi magana a kanta a wurin jana'iza, shugabar Zumuntar Mata ma ta yi, kuma duk abin da suka faɗa gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya ambaci sitonta, ɗan ɗakin nan na ajiyar kayan abinci da ke manne da kicin ɗinta. Ni na ci tuwon gidan tun mijinta yana da rai, kuma ina wurin ranar da sito ya zama dalilin da za a ɗauke ta daga gidanta a kai ta Jos. Shi ya sa nake rubuta wannan.

An haife ta a wani ƙauye a gindin duwatsun ƙasar Tangale, ba nisa da Kaltungo. Makarantar mishan ɗaya muka yi, ina gaba da ita nesa. Na tuna ta da ƙaramin allo a hammata, kai a aske, ga murya mai fita sarai idan an ce ta yi karatu. Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma karatun Hausa ya zauna mata sosai. Ta auri abokina Lazarus, wanda ya samu aiki a tashar jirgin ƙasa, suka dawo Gombe tun Tudun Wada tana da gonaki a tsakanin gidaje. Da bulon ƙasa suka fara ginin, ɗaki bayan ɗaki. Kafin a yi falo, Selina ta sa aka yi mata sito. Ta ce mahaifiyarta tana da rumbunta dabam da na maigida, ita ma ba za ta zauna a gari tana ajiye hatsi a ƙarƙashin gado ba.

Ƙosai da kunu ta yi ta sayarwa a bakin titi har 'yarta ɗaya tilo, Jummy, ta gama makaranta. Duk abin da sana'ar take buƙata daga siton nan yake fitowa. Kowace kaka, idan 'yan'uwa sun aiko da sabon hatsi daga ƙauye, sai ta fitar da komai tsakar gida ta shanya, ta share ɗakin tun daga rufi, ta shafe bango da farar ƙasa, ta shimfiɗa ganyen dogon yaro a ƙasa. Ba ta yarda sabon hatsi ya shiga ya tarar da tsoho, saboda ƙwari. Ragowar tsohon takan raba wa maƙwabta, kuma kullum Fatimatu ce ta farko, Bafulatanar da katanga ɗaya ta raba su. Ita kuma Fatimatu takan miƙo mata man shanu ta kan katangar idan 'yan'uwanta sun zo daga ruga.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a siton shi ne, ba mazubi biyu da suka yi kama da juna. Gishiri yana cikin ƙaramin kwanon samira mai ɓantararren murfi. Kuka tana cikin gora mai dogon wuya. Daddawa a tukunyar ƙasa da faifai a kai, kanwa a wani gwangwanin madara da ya lotse a gefe, wake a randa an gauraya shi da toka. Lallen da take sa wa fason ƙafarta kuwa a ƙulle yake cikin tsumma, a rataye jikin ƙusa a bayan ƙofa, nesa da abinci. Ba ta taɓa sauya wa wani abu wuri ba.

Bayan rasuwar Lazarus, Jummy, wadda take aiki a Jos, ta matsa mata ta koma wurinta. Selina ta ƙi. A gabana ta ce mata, "Ranar da na kasa tuƙa tuwona, ki zo da mota, ba zan yi gardama ba. Kafin nan ki bar ni a gidana." Jummy ta riƙe wannan magana, Selina ma ta riƙe.

Shekaru suka wuce. Ta daina zuwa coci da littafin waƙoƙi, ta ce ta haddace su duka. Idan ka shigo gidan, sai ka yi magana kafin ta kira sunanka. Mun ɗauka tsufa ne kawai. Tuwonta bai sauya ba, gishirin miyarta daidai, ba wanda ya yi zargin komai.

A shekarar da nake magana, Selina ta bi matan coci zuwa taron Zumunta a Billiri. Tana can Jummy ta zo hutu ba tare da ta sanar ba, da bayan mota cike da robobi sababbi, farare masu shuɗin murfi, duk girma ɗaya. Ta daɗe tana so ta yi wa mahaifiyarta wannan kyauta. Da ta buɗe siton, abin da ta gani ya ƙara mata ƙarfi: yanar gizo a rufi, kashin ɓera a bayan randa, wani ɗaurin kuɓewa ya yi fumfuna a lungu. Ba haka ta san siton mahaifiyarta ba. Ta ɗaura zane, ta fitar da komai, ta wanke, ta kira kafinta ya kafa katako hawa-hawa, ta sa aka yi fenti. Ta juye kowane abu a robarsa, ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe a jiki, ta jera su reras. Tsofaffin mazubai ta tara a ƙofar gida. Mai jari-bola ya zo wucewa ya kwashe gwangwanayen da kwanonin. Aiki ne na ƙauna, kuma ta yi shi da kyau. Ina so a san wannan.

Ranar Asabar da yamma Selina ta dawo. Jummy ta kama hannunta ta kai ta ƙofar sito.

"Mama, ki gani."

Jummy ta gaya mini daga baya cewa mahaifiyarta ta daɗe a tsaye. Ta miƙa hannu ta shafa roba ta farko, ta shafa ta biyu, ta shafa ta uku. Sannan ta ce, "Ya yi kyau. Allah ya yi miki albarka."

Washegari Lahadi, bayan an tashi sujada, na bi su gida kamar yadda na saba tun da matata ta rasu. Aka ba ni kujera a ƙarƙashin rumfa, daidai ƙofar kicin, ni da suke kira Baba Malam. Jummy ta ce ita za ta yi girki.

"Baƙuwa ba ta yi mini girki a kicin ɗina," in ji Selina. "Ki zauna ki yi hira da Baba Malam."

Amma Jummy ba ta zauna ba. Tana so ta ga yadda mahaifiyarta za ta ji daɗin sabon sito, sai ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Selina ta samu garin masara ba wuya, domin robarsa ta fi nauyi, ta tuƙa tuwo ta kwashe. Da aka zo kan miya ne abin ya tsaya mata. Da ita kaɗai ce, da ta buɗe robobin ɗaya bayan ɗaya ta shinshina. Amma idon 'yarta yana kanta, kuma mai gani ba ya shinshina abin da aka rubuta sunansa. Ta buɗe wata, ta murza garin a yatsa, ta ji laushinsa irin na kuka, ta ɗauko. A lokacin waya ta yi ƙara a ɗaki, Jummy ta tafi ɗauka.

Ina jin ƙarar maburgi a tukunya. Ta kaɗa, ta ƙara gari, ta sake kaɗawa. Miyar ba ta yi yauƙi ba. Can sai wani wari ya taso wanda na sani a gidajen biki, ban san shi a kicin ba. Maburgin ya tsaya.

Jummy ta fito ta leƙa tukunya, ta dubi robar da ke gefen murhu.

"Mama, lalle kika zuba."

"Na ji."

"Ga shi a rubuce."

Jummy ta ɗauki robar ta sa mata a hannu, muryarta ta yi ƙasa.

"Mama, karanta mini abin da ke jikin robar nan."

Selina ta ɗaga robar kusa da fuska, ta ƙura mata ido. Rubutun yana ɗaya gefen, yana fuskantar ni. Wannan ita ce yarinyar da ake tsayarwa gaban 'yan makaranta duka ta yi mana karatu. Ta ajiye robar a hankali, ta zauna a kan 'yar kujerarta ta tsuguno.

"Tun yaushe?" in ji Jummy.

"Idon hagu tun babanki yana da rai. Na dama kuwa, yanzu haske da inuwa kawai nake rabewa."

"Kina hura wuta, kina ɗaga tafasasshen ruwa, ke kaɗai a gida? Baba Malam, kun sani?"

Na ce ban sani ba. Daga bayan katanga sai muryar Fatimatu ta ce, "Ni na sani." Ta zagayo ta shigo, da ɗan sandanta, ba ta tsaya dogon gaisuwa ba.

"Goggo, kin sani kika yi shiru?"

"Ta ƙona gida? Ta ba wani guba? Ina jin motsinta tun asuba, in ta yi tari ina ji. Ke ce kika zo kika ɓatar mata da hanya a cikin ɗakinta." Ta leƙa tukunyar, ta toshe hanci. "Maman Jummy, amarya za mu yi wa ƙunshi, ko Malam za a yi wa?"

Selina ta yi ɗan murmushi. Jummy kuwa ta shiga ɗaki, muna jin kukanta. A ranar nan, da man shanu da yaji muka ci tuwon.

Litinin Jummy ta kai ta wurin likitan ido. Ya ce ba yanar ido ba ce da za a cire, jijiyar ce ta riga ta mutu. Ya ba da maganin ɗigawa don a riƙe ɗan abin da ya rage. Da suka dawo, Jummy ta aika aka kira ni, a matsayin abokin mahaifinta, domin in taya ta magana. Ta ce alkawari ya cika, a haɗa kaya.

"Tuwo na ce," in ji Selina. "Baba Malam, tuwon jiya ya yi gudaji?"

Na ce bai yi ba.

"To. Miyar ce ta ɓaci, kuma ba a sitona ta ɓaci ba. Ki mayar mini da kayana inda suke. In na sake zuba abin da ba shi ba, ni da kaina zan shiga motar."

"Mama, an kwashe su. Mai jari-bola ya tafi da su."

Kwanon gishirin nan da shi aka kawo Selina gidan miji.

Fatimatu ta tashi ta fita, ta dawo da kaya a ka. Ashe ranar da aka zubar da su, ta dawo daga kasuwa ta tarar da ragowar a ƙofar gida, ta tsince abin da mai jari-bola bai so ba: gorar kuka, tukunyar daddawa, ƙorai biyu, da faifai. Ta ce Bafulatana ba ta wuce ƙwarya a bola. Randar wake kuma tana nan a tsakar gida, nauyinta ya hana a kai ta ƙofar gida.

Abin da ya tsira ke nan, kuma bai kai rabin rabi ba. Jummy ta ce a ɗaura wa robobin alama, wannan zare, wancan tsumma. Suka gwada yini guda. Da yamma Selina ta ce a bari.

"Hannuna ya tsufa da koyon sabon abu mai yawa haka. A rage."

Ta zauna a ƙofar sito, Jummy tana miƙo mata roba ɗaya bayan ɗaya, tana shinshinawa tana yanke hukunci. Kuka, daddawa, gishiri, wake, gari, barkono, kanwa, su za su zauna. Riɗi, zoɓo, citta, busasshen kifi, kayan cincin na Kirsimeti, duk ta ce a kai wa Fatimatu da matan coci. Lalle ya koma tsummansa a bayan ƙofa. Aka cire katakon sama wanda hannunta ba ya kaiwa. Ita da kanta ta ɗora kowane abu a wurinsa, ta koma ƙofa, ta sake shigowa ta taɓa shi, har ta gamsu. Yanar gizo da ɓera kuwa, ta amince ba ta ganinsu, ta yarda Fatimatu ta riƙa shiga da tsintsiya.

Ranar da Jummy za ta koma, Selina ta ce mu zauna a rumfa, kada kowa ya tashi. Ta shiga sito ta fito, ta shiga ta fito. Maburgi ya yi ƙara, muka ji sautin ya yi nauyi kamar yadda ya kamata. Jummy ta ci loma ɗaya, ta daɗe tana kallon kwanon.

"Zan riƙa kira safe da yamma," ta ce. "In ba ki ɗauka ba, Goggo zan kira. In Goggo ta ce in zo, zan zo da motar, kuma ba ruwana da tuwo."

"Na yarda," in ji Selina.

Jummy ta mayar da robobin bayan mota, wofi, ta tafi ita kaɗai.

Selina ba ta ƙara soya ƙosai ba, ba ta ƙara yin girkin taro ba. Kirsimeti a gidan ya zama na shiru. Abincinta ya koma kala uku ko huɗu, tana juya su, ni kuma ina zuwa ranar Lahadi in ci wanda ya samu. Ta yi 'yan shekaru a haka, a gidan da suka gina da Lazarus, har ɗan hasken da ya rage mata ya ɗauke.

Wata safiya a daminar nan Fatimatu ba ta ji motsi ba. Ta zagayo ta same ta a kan kujerar tsuguno, ta jingina da bangon kicin, ta riga ta cika. Ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe garin gero, ba ta kai ga hura wuta ba. Bayan an sanar da Jummy da fasto, Fatimatu ta hura wutar ta dama kunun, kuma shi masu zuwa gaisuwa na farko suka sha.