Kalmar da Ta Sa Muka Rushe Rumbunmu

Ni tsohuwa ce daga wani ƙauye kusa da Fagam. Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce take rubuta mini wannan, ina faɗa ina share hawaye. A da ni matar manomi ce mai rufin asiri. Rumbunmu na ƙasa yana tsakar gida a kan duwatsu, Malam mijina yana zuba wake a ciki, ya gauraya shi da toka don ƙwari.

Wata kaka ɗanmu da yake aiki a Birnin Kudu ya zo da abokansa. Suka kewaye rumbun suna dariya, ɗaya ya ce wannan ai olsukul ne. Da suka tafi na tambayi ɗana ma'anarta. Ya ce Turanci ne, ana faɗa wa abin da zamani ya wuce, wani lokacin ma yabo ne, kamar a ce girkin mutanen da. Ni dai dariyar na ji. Kunya ta kama ni, na dame Malam har ya gaji. Ya ce rumbun bai taɓa cin amanarsa ba, amma tunda na nace, shi ke nan.

Muka rushe shi. Muka zuba waken a buhuna, muka jibge a ɗakin da ke jikin na Malam, wanda bangonsu bai kai rufi ba. Na aika aka sayo ƙwayar kashe ƙwari a kasuwa, na cusa a kowane buhu, har da ƙari don ta yi aiki sosai. Wani wari mai kama da tafarnuwa ya fara tashi. Na share matattun ƙadangaru a bakin ƙofa, na yi murna wai magani yana ci. Kyanwarmu ta daina shiga ɗakin. Malam ya ce kansa yana sarawa, ƙirjinsa ya yi nauyi. Na ce sanyi ne, na rufe masa taga. Da amai ya tsananta muka nemi mota, amma kafin mu kai asibiti Allah ya karɓi abinsa. Likita ya ce iskar maganin ce.

Na san ajali ne, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. 'Yan'uwana mata, sabon abu ba laifi ba ne, sai dai ku tambayi yadda ake amfani da shi, kuma kada ku ajiye wannan magani inda mutum yake kwana. Kada dariyar baƙo ta sa ku rushe abin da ya riƙe ku. Duwatsun rumbun suna nan tsakar gida, na hana kowa ɗaukewa. A kansu nake zama in yi wa Malam addu'a.