Ranar da Keken Ɗinki Ya Durƙusar da Ni

Akwai wata safiyar Asabar da ko tsufa ya sa na fara rikita sunayen jikokina, ita kam ba za ta fita raina ba. Ranar ce keken ɗinkin matata ya kama ni da riga, ya durƙusar da ni a gaban surukata, ya ƙi saki.

Ƙanena ne zai yi aure a Amarawa, kuma ni ne wakilinsa, ni zan karɓa masa auren. Saboda haka na ɗinka babbar riga ta shadda, fara tas, wadda ban taɓa mallakar irinta ba. 'Yar cikin tana wurin mai guga bai kawo ba, ni kuwa ɗoki ya hana ni jira. Sai na zura babbar rigar a kan wata tsohuwar singileti da nake zuwa gonar albasa da ita, wadda hujojinta sun fi yadinta yawa. Na leƙa zaure in ga ko mai guga na tafe, ƙusar ƙyaure ta kama gefen hannun rigar, ta yage shi.

A unguwarmu nan Illela an san ni da haƙuri. Injin ban ruwa in ya ƙi tashi, nakan wuni a kansa ban ɗaga murya ba. Amma ranar ban san inda haƙurin nan ya shiga ba. Na faɗa gida ina kiran matata, ta fito ta duba ta ce, "Tuɓe ta, Malam, in ɗinke maka."

Na ce, "Babu lokaci. Ɗinke ta hakanan, ai rigar na da faɗi."

Ta ce, "Ba a ɗinki a jikin mutum, tsiya shika jawowa."

Na ce camfi ne, ta taka keke kawai. Na tsuguna gefen keken a ƙarƙashin rumfa, ta cusa hannun rigar ƙarƙashin allura, ina ta ce mata yi sauri, yi sauri. Ba ta yi taku nawa ba sai keken ya yi gurnani, ya tsaya cik. Allura ta nutse cikin shadda, ba ta sama ba ta ƙasa. Ina shirin fizgewa ke nan sai muka ji sallama. Surukata ce daga Kalmalo, ta zo biki, ga ƙullin busasshen kifi a kanta.

Wanda ya san kunyar suruki ya san halin da na shiga. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa yarda ta gan ni babu hula ba. In ta zo, nakan durƙusa in gaishe ta, in sulale waje. Yau ga ni a durƙushe, amma babu halin sulalewa. In na tashi, riga ta yage. In na zare jikina na bar rigar, ta ga singiletin nan da rabin cikina a waje.

Tsohuwa ta ja tabarma ta zauna daf da mu. Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, kun zo lahiya?"

Ta ce, "Lahiya lau, ɗana. Ina gajiya? Ina albasa? Ina jakinka mai ciwon ƙahwa, ya warke?"

Da ta gama da jaki sai ta koma kan 'yan uwana, ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suke Ƙonni. Ina ta amsawa a durƙushe. Can sai motar 'yan ɗaurin aure ta fara oda a ƙofar gida, wani abokin wasana ya ɗaga murya daga zaure: "Wakilin ango! Ko kai ma lalle anka sa maka?"

Matata ta raɗa mini, "In ɗauko almakashi?" Na harare ta ta ƙasan ido. Rigar da ko wanki ba ta taɓa gani ba!

Da na ga babu mafita, sai hankalina ya dawo. Na ce a raina, ai wannan ma inji ne, kuma inji ba ya son ƙarfi. Bakina na cewa "lahiya lau, Inna", hannuna na hagu na lalube. Na murza wilin keken gaba kaɗan, baya kaɗan, ya ƙi. Na kwance ɗan dunƙulen da ke riƙe allura, na zare ta daga cikin yadin a hankali. Duk da haka riga ba ta fito ba, ashe daga ƙasa aka riƙe ta. Na yi wa matata alama ta kwantar da kan keken baya, ni kuma na bi shi da kafaɗa, na karkace kamar mai leƙen rijiya. Nan muka ga abin. Zare ya cukuikuye a kan ƙoshiyar da zaren ƙasa yake ciki, ya yi tuli kamar sheƙar tsuntsu. Saboda azalzalar da na yi mata, ta fara taka keke ba ta sauke ƙafar da ke danne yadi ba.

Almakashi ba zai shiga wurin ba, sai reza. Matata ta zazzage gwangwanin maɓallai, babu. Sai muka ga tsohuwa, tana kallon wani wuri daban, ta kwance haɓar zanenta ta ajiye sabuwar reza a bakin tabarma. Ta ce, "Ga wagga, ko wani na son yankan akaihwa."

Matata ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni dai na karɓa, na bi zaren nan sili-sili ina yanka, har shadda ta zame ta fito babu ko ƙwarzane. Muka ciro ƙoshiya, muka share ƙurar auduga da ta taru da gashin kaza, muka ɗiga mai, muka mayar da allura. Keke ya koma kukansa mai daɗi. Daidai nan mai guga ya yi sallama. Na karɓi 'yar ciki na shige ɗaki, na miƙo rigar ta bayan labule, aka ɗinke ta yadda ya kamata tun farko.

Zan fita na sake durƙusawa in yi wa surukata sallama, wannan karon da son raina. Ta ce, "Tun daga ƙohwa na ga abin da ya hwaru. Da na ba ku wuri, da ka hizge ta ka yaga. Shi ya sa niz zamna. Tashi ka tai, kar a ɗaura babu kai."

Mun isa Amarawa liman yana gyara zama. Na karɓi auren cikin farar rigata, babu wanda ya lura da ɗinkin.

Har yau in surukata ta zo gidan sai ta tambayi lafiyar jaki, matata ta fashe da dariya. Ni kuwa abin da na ɗauka shi ne, duk abin da ya cije, inji ne ko zance, fizga ba ta sakinsa, sai an zauna an nemo inda zaren ya harɗe. Kuma tun daga ranar, ko maɓalli za a ɗaura mini, sai na tuɓe rigar.