Mitar Goggo a Highbridge

Duk tsawon zamana a New York, ba zan manta da ranar da kawuna ya zaɓar mini mita ba.

Ina ajin ƙarshe a jami'a lokacin, na haɗa 'yar na'urar aika murya da akwatin da ke kama ta. Tana mayar da magana lambobi, ta ɗora su kan igiyar rediyo ta hanyar sassauya takun igiyar. Wuyar aikin ita ce zaɓen mita, don sai an sami wadda babu kowa a kanta.

Goggo, mahaifiyar Kawu, tana hawa na biyar na wani bene a unguwar Highbridge, gwiwoyi sun hana ta saukowa, ga azumi ya zo. Burinta kawai ta ji tafsirin masallacinmu da ke ƙasan benen. Na auna na sake aunawa, na samo mita mai tsabta wadda doka ta yarda da ita.

Kawu ya ce atafau, sai mitar tashar garinmu, wadda Goggo ke saurare tun tana amarya.

Na ce, "Kawu, a nan mitar tana da mai ita."

Ya ce, "Iskar ma sayar da ita ake yi? Saita, don Allah!"

Ni a wa, ɗan da ke cin tuwon gidansa? Na saita.

Ran farko bayan la'asar Kawu ya tara wa Goggo maƙwabta, har da matar liman. Na kunna akwatin, shiru, babbar tashar da ke da mitar a nan ta danne mu. Kawu ya harare ni, ya ɗauko tsohon rediyon Goggo, ya murɗa zuwa mitar gida da hannunsa. Sai kiɗan Sifaniyanci ya ɓarke, mata na ihu a ciki. Matar liman ta ja mayafi tana salati.

Goggo ta kasa kunne ta ce, "Malamin naku da ganga yake tafsiri?"

Na ji kamar in nutse, amma idonta da ya ciko ya fi damuna. Washegari na mayar da na'urar kan mitata ba tare da shawara ba, muryar malam ta fito tangaram. Kawu ya ɗauki alƙalami ya rubuta mitar garinmu ɓaro-ɓaro a jikin akwatin.

Ya ce, "Ba na gaya maka za ta yi ba?"

Goggo ta ji tafsirinta har ta koma ga Allah. Tun daga ranar na koyi cewa in babba ya kafe, ka bar masa lambar, ka riƙe mitar.