Ranar da Injin ya Haɗe Hauwa Biyu

Har gobe ina tuna wata Laraba a shekarun da kuɗin mai ya fara zuba, ina aiki a ɗakin kwamfutar wani kamfanin jigilar alhazai a Sabon Gari. Ku 'yan yanzu sai dai labari: injin ya cika ɗaki guda, da katuna masu huji ake yi masa magana. Aikina jera katunan farko, masu gaya masa guntayen umarnin da zai ɗauko ya haɗa kafin ya fara aiki.

Akwai guntu ɗaya a kan tef wanda kowane sashe ke aro, kamar turmin gidan haya. Shi ke jera sunaye. Ogana Mista Okoro ya rubuta shi, kuma a makon ya gyara shi saboda 'yan sito, ya koya masa in suna ya zo sau biyu ya jefar da ɗaya. Kowane gyara da lambarsa, amma ni katina cewa kawai yake a ɗauko na ƙarshe.

Ni kuwa gwanin tafiya ne a zaune. Sanyin ɗakin da gurnanin injin kan ɗauke ni. In takardar matafiya ta fito, sai in bi sunayen a hankali, ina ganinsu cikin farare, jirgi na ratsa gajimare da su. Ina cikin haka na iso kan Hauwa Musa. Guda ɗaya. Alhali a layinmu na Fagge su biyu ne, mai ƙosai da ungozomar da ta yanke mini cibiya, kuma duka sun gama sallama da unguwa. Ga shi ƙarfe huɗu za a kai takardar filin jirgi.

Na ce, "Oga, mun bar tsohuwa a ƙasa."

Ya ce, "Malam Sani, injin ba ya kuskure."

"Bai yi ba, Oga. Ba mu gaya masa rabin Fagge Hauwa ba ne."

Ya cire tabarau, ya tashi da kansa ya ɗauko tsohon tef mai guntun da ba a gyara ba. Na buga sabon kati mai lambar tsohon guntun. Hauwa ta biyu ta fito, da Muhammadu da dama a bayanta.

Daga ranar na koyi cewa abin da kowa ke aro ba a gyara shi don mutum ɗaya, mai aro kuma ya faɗi wanda yake nufi. Hauwa biyun duka sun sauke farali sun dawo. Har suka rasu ban san wacce injin ya jefar ba, ban kuma taɓa gaya musu ba.