Garken Raƙuman Dawa a Hyattsville

Na yi shekaru ina koyar da Turanci a Zariya, kuma cikin abin da na sa yara haddacewa har da sunayen da Turawa ke ba taron dabbobi: taron hankaki kisan kai ne, na mujiya majalisa, na zakuna alfahari. Ko sau ɗaya ban ji Bature ya furta su a hira ba, amma suna fitowa a jarrabawa, don haka muka girmama su.

Da na yi ritaya, 'yata ta ɗauko ni zuwa Hyattsville, garin da take zaune a ƙasar Turawa. A can na tarar da jikata, wadda nake tsokana da amarya, tana jin Hausa sarai amma sai ta amsa da Turanci. Wata rana ta dawo daga makaranta fuska a murtuke. An tambaye su sunan taron raƙuman dawa, ita kuwa ta rubuta garke, da Hausa, yadda ta ji ina faɗa, ta ƙara da ta Turanci da ke nufin haka. Malamar ta soke duka biyun, wai amsar ita ce hasumiya.

Ta ce, da Turanci, "Kaka, kai ka ja mini. Na daina Hausarka."

Kalmar Hausa ta farko ke nan da yarinyar ta taɓa rubutawa. Uwarta, da ta kwaso gajiya daga aikinta na asibiti, ta ce, "Baba, don Allah ka bar maganar." Na ce to. Ranar ganawar iyaye da malamai na sa babbar riga.

Malamar mai fara'a ce, ta ba ni kujerar yara, gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata. Na fara da jero mata sunayen nan tiryan-tiryan, don ta san ba baƙon fage ya zo ba. Sannan na tambaye ta wa ya raɗa su. Ta ce haka suke a littafi.

Na ce mata tsofaffin cikinsu 'ya'yan manyan Ingila ne suka tara ƙarnuka da suka wuce, don a wajen farauta a gane ɗan babban gida daga bakinsa. Wasu ma raha ce kawai, marubutan baya suka kwafe da fuskar gaske. Hasumiya kuwa ta jiya-jiya ce, wani ya dubi dogon wuya abin ya ba shi sha'awa.

Na ce, "Malama, Ingila ba ta taɓa haifar raƙumin dawa ba. Ni na gan su da idona a hanyar Yamai, suna cin ganye abinsu. Masu nazarinsu da kalmar Turancin da yarinyar nan ta rubuta suke aiki. Ki duba."

Ta duba a wayarta, sai ta fashe da dariya. Ta gyara makin, ta kuma roƙi jikata ta koya wa ajin yadda ake furta garke.

Muka kama hanyar gida a mota, ni da amaryar tawa. Da muka tsaya a danja, sai ta nuna dinyoyin da suka cika bakin wani tafki, ta ce da Hausa, tana ɗan gurɗe harshe, "Tsoho, su waɗannan fa, me ake ce musu?"

Na ce, "Sai kin biya kuɗin makaranta da shayi, amarya."

Ta ce, "Ka sha ruwa."